Tambayi Gwaggo: Kabewar da ta zo cikin gwangwani

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gajiya, ya jikoki, ya fama da zafi? Ni amarya ce, wata bakwai ke nan da aka kawo ni Birni. Yayan maigidana da ke zaune a Amurka ya zo ganin gida, cikin tsarabar da matarsa ta haɗo har da gwangwani huɗu masu hoton kabewa a jiki. Uwar mijina ta miƙo mini su, ta ce in yi taushe da su ran Juma'a, don gida zai cika. Ni ko a ido ban taɓa ganin irinsu ba. Rubutun jikinsu duk Ingilishi ne, ni kuwa lakkol ɗin Faransanci na yi. Uku rubutunsu iri ɗaya, na huɗun ya bambanta. Ina tsoron in ji kunya gaban dangin miji. Yaya zan yi?

Ƴarki, daga Birni

Wa alaikumus salam ƴata. Zafi sai godiyar Allah, jikoki suna nan suna ta ƙiriniya. Ki kwantar da hankalinki, kabewa ce dai, ba ta cizo. Amma kin burge ni da kika lura ɗaya ya fita daban, don a nan ne wata mai gaggawa za ta zuba wa dangin miji sukari da kirfa cikin miya, a yi shekara goma ana ba da labarinta a gidan suna.

Ɗauko su ki jera a gabanki. Wanda aka rubuta wa "100% Pure Pumpkin", wannan kabewa ce zalla, ba gishiri ba sukari. Ki juya bayansa inda ake jera abin da aka zuba a ciki, kalma ɗaya tak za ki gani. Na huɗun nan ina kyautata zaton "Pumpkin Pie Mix" ne. Shi an riga an haɗa shi da sukari da kayan ƙamshi irin su kirfa da citta da kanumfari. Ki kai shi can ƙarshen kwaba ki ajiye, kada ya ko shaƙi ƙamshin tukunyar miya. Zan dawo kansa.

Dalilin da ya sa har ake da mai zaƙi shi ne, mutanen da suka ƙirƙiro abin ba don miya suka yi shi ba. Amurkawa suna da bikin godiya da suke yi ran Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, iyali su taru a ci talotalo, a rufe da wani gashi da ake yi da kabewa da ƙwai da madara da sukari, a zuba cikin ɓawon fulawa a sa a tanda. Don wannan gashin ne akasari ake sayen kabewar gwangwani. In naki na kamfanin Libby's ne, wanda shi ya fi yawa a kantunansu, to daga wani ƙaramin gari ya fito mai suna Morton a jihar Ilinoyi. Tun 1929 kamfanin yake wannan sana'a, yanzu kuma yana hannun Nestlé, masu madarar nan da kika sani. Kabewar da suke nomawa ma ba ita ce jar nan mai kama da ƙwallo da ake gani a hoto an fafe mata ido da baki ba. Wata ce doguwa mai fatar ruwan ƙasa, ana ce mata Dickinson, tsokarta ja ce mai kauri ba ta cika zare-zare ba. A 2009 ruwan sama ya yi musu yawa lokacin girbi, motocin gona suka kasa shiga saboda taɓo, sai ga kabewar gwangwani ta yi wuya a kantuna har cikin shekarar da ta biyo. Da na ji wannan labari na yi dariya, na ce ashe su ma damina tana juya su yadda take juya mu, su yawa ya kashe musu, mu kuwa kullum hannu a sama muna roƙo.

To, ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu: abin da ke cikin gwangwanin nan dafaffe ne. An wanke kabewar, an sare ta, an turara, an matse ruwanta, an niƙe ta lukui an tace, an zuba a gwangwani an rufe, sannan aka sake dafa ta da gwangwanin gaba ɗaya. Duk aikin da ke ɗaukar miki awa guda a murhu an gama shi tun a Ilinoyi. In kika ɗauke ta kamar ɗanyar kabewa, za ta ba ki kunya.

Ni ta ba ni, shi ya sa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. Shekarun baya ɗiyata da ke aure a Yamai ta kawo mini gwangwani biyu daga wani kanti da Turawa ke sayayya. Na sa wuƙa na buɗe, na leƙa. Launinta ya fi na kabewarmu duhu, kamar lallen da ya kwana a kwano, samanta sumul har da shatin murfin a kai. Na tsoma cokali na sake shi, ya tsaya cak bai kwanta ba. Na kife gwangwanin a kwano, ta ƙi fitowa sai da na bubbuga gindinsa, ta faɗo ɗungurungum da siffar gwangwanin, har layukan jikinsa sun fito a kanta. Na lasa. Ba zaƙi, ba gishiri, sai wani ɗan ƙarni na ƙarfe can ƙasan harshe. Duk da haka ban yi tunani ba, na yi yadda hannuna ya saba: na zuba ta tare da jajjage da nama tun farko, na tura itace, na tafi sallar azahar. Kafin in sallame na ji ƙauri. Na zo na tarar miya tana tsalle tana tofar da kanta, bangon madafa duk ɗigo-ɗigo ja, gindin tukunya ya kama baƙi ƙirin. Da na kai hannu zan juya, wani ɗigo ya faɗo mini a bayan hannu, tabon ya fi wata bai ɓace ba. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ci loma biyu ya ce, "Yau kuma taushen gawayi aka yi mana?" Bai ƙara ba, ni ma ban tanka ba.

Gwangwani na biyu shi ya koya mini hanya, ga ta.

Ki dafa namanki daban, da ƙashi mai ɓargo in da hali, da albasa da daddawa da citta da ɗan masoro, har ya yi laushi romon ya yi ƙarfi. A nan ne duk daɗin miyar zai fito, don haka kada ki yi rowar albasa. Ɗanyar kabewa tana nuna ne cikin romo, tana shan ɗanɗanon nama tana ba shi nata zaƙin, su yi awa suna musaya. Ta gwangwani ta zo a ƙoshe, ba abin da za ta sha kuma, sai dai romon ya ɗauke ta. Ki soya jajjagenki na tumatir da tattasai da attaruhu har mai ya taso, ki juye romo da nama. A wani kasko daban ki zuba mai kamar ludayi ɗaya, ki yanka albasa, in ta yi ja ki juye kabewar ki yi ta juyawa a wuta kaɗan kamar minti goma. Za ki ga ta ƙara duhu, ta fara barin jikin kaskon, ƙarnin ƙarfen nan ya tafi, wani ƙamshi kamar na gasasshen dankali ya taso. Wannan suyar kada ki tsallake ta, ita ce bambancin miyar da za a ci a yi shiru da wadda za a ci a ce a ƙaro. Sai ki dama gyaɗarki ki zuba a tukunya ta nuna tukuna, don ɗanyar gyaɗa ta fi kabewar buƙatar wuta. In ta nuna, ki ɗebo romo ki sassauta soyayyar kabewar da shi, ki juye, ki janye itace. Daga nan kada ki matsa ko nan da ƙofa. Minti goma zuwa sha biyar kina juyawa har ƙasa, sai alayyafo da yakuwa su shiga, ki rufe rabi, ki sauke.

Yakuwa ki ɗan fi yadda kika saba sawa, tsaminta yana tayar da kabewar gwangwani daga barci. Gyaɗa kuwa ki rage, don kaurin da kike nema wajenta kabewar ta riga ta kawo shi, in kika haɗa su biyun da yawa sai a yanka miyar da wuƙa.

Batun yawa: ƙaramin gwangwaninsu giram 425 ne, babban 822. A ma'aunin hannuna, ƙarami ɗaya yana tsaya wa yankin kabewar da ya haura kilo da ɓawonsa da ƴaƴansa, yana kuma isar miyar mutum shida zuwa takwas. In gida zai cika kamar yadda kika ce, biyu sun isa, na ukun ki bar shi a rufe.

Yanzu ki matso in faɗa miki wadda ba a cikin girki take ba. Uwar mijinki ta fi shekara arba'in tana cin taushe, harshenta ya san abin da yake jira. Taushen gaske yana da ɗan gudaji-gudaji, inda bayan ludayi ya murƙushe kabewa bai gama da ita ba, ka ɗauko da lomar tuwon shinkafa ko waina ka ji ta narke a baki. Ta gwangwani ba ta da wannan, sumul take kamar kunun jarirai. Don haka ran Alhamis da yamma ki aiki yaro Kasuwar Dole ya sayo miki yanki ɗaya na kabewa mai jan ciki, ya ce a yanka masa a gabansa, kada ya karɓi wanda ya sha rana gefensa ya yi yauƙi. Ki fere ki yanka ƙanana, ki jefa cikin romo tare da nama, ki farfasa da ludayi sama-sama. Ta gwangwani ta ba da launi da kauri, tamu ta ba da zaƙi da abin taɓawa a harshe. Kin cika umarnin uwar miji, kin girmama tsarabar yaya, miya kuma ta yi daɗi. In aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya cewa haɗawa kika yi, ba abin ɓoyo ba ne.

Abin da ya ragu kada ya kwana cikin gwangwaninsa. Ki juye a roba mai murfi ki sa a firigo, ki cinye cikin kwana biyar. In unguwarku irin tamu ce da wuta ke tafiya ba sallama, ko ba firigon ma, to ranar da kika buɗe ranar za ki gama da shi. A zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, dafaffiyar kabewa ba ta kai gobe. Kafin ki buɗe kuma ki duba kwanan watan da aka buga a gindi, ki danna murfin da yatsa. In ya kumbura, ko yana lotsawa yana dawowa, ko ya yi tsatsa a bakin ɗinki, ko ya lanƙwashe sosai a hanya, ki jefar inda yara da awaki ba za su kai ba. Kada ki ce bari in ɗanɗana in ji.

Shi kuma mai sukarin, ki yi fanke da shi ran wata Asabar. Ludayi biyu cikin kwaɓin fulawa rabin kilo, ki rage ruwa, ki rage sukari sosai. Yana fitowa da launi kamar an fasa ƙwai goma, cikinsa laushi. Sai dai yana saurin yin ja a mai, ki rage wuta kada waje ya ƙone ciki ɗanye.

Ki rubuto mini bayan Juma'a in ji yadda aka kwashe.

*

Salamu alaikum Hajiya. Ni manomi ne, ina da garka wajen Mirriya. Da kaka kabewa takan yi mini yawa har in rasa mai saye, in rani ya yi nisa kuma ta yi tsada ba ni da ita. Na ga mata suna dafa tumatir su ɗura a kwalba, su dafa kwalbar cikin ruwa, ya yi watanni bai lalace ba. Ina so in yi haka da kabewa in riƙa sayarwa. Me kika gani?

Wani manomi, daga Mirriya

Malam, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a garka. Tunaninka na ɗan kasuwa ne, amma wannan hanyar ina roƙonka ka bar ta. Ba don ba za ta yi riba ba, don tana iya kashe mutum.

Tumatir yana da tsami, tsamin nan shi ke tsare shi a kwalba. Kabewa ba ta da shi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, masana suna ce mata Clostridium botulinum, irinta yana manne wa duk abin da ya kwanta a ƙasa, kabewa kuwa a ƙasa take girma. Zafin tafasar ruwa yana tsayawa ne a digiri 100, irin ƙwayar nan kuma yana jure wannan zafin na awoyi. In ka rufe shi a kwalba inda ba iska ba tsami, ga danshi ga ɗumin ɗakinmu, ka gina masa gidan da yake so, sai ya farka ya zuba dafi. Mugun abin shi ne, sau da yawa kwalbar ba ta wari, launi bai sauya ba. Wanda ya ci, bayan yini ɗaya ko biyu sai ya fara ganin abu bibbiyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Masana'anta suna kai zafin digiri 121 cikin manyan tukwane masu matsin tururi, da agogo da ma'auni. Ko a Amurka, inda matan karkara da yawa suke da ƙaramar tukunyar matsi a gida, ma'aikatar nomansu ta ce kada a ɗura niƙaƙƙiyar kabewa a kwalba, don kaurinta yana hana zafi ratsawa har tsakiya. In waɗanda ke da kayan aiki an hana su, ina ga mu da tukunya da kara?

Kuma Malam, kai da ka fi ni sanin kabewa, ai ita da gwangwaninta Allah ya halicce ta. Kakata a Zango takan jera su ƙarƙashin gadonta na kara tun kaka, muna cin su har bazara. Sharuɗɗanta ba su da yawa. A bar kabewa ta ƙosa a jikin yaɗonta har farce ya kasa shiga ɓawon. A yanke ta da guntun hannunta kamar tsawon yatsa, kada a fizge, don ta wurin nan ruɓa ke shiga. Kada a jefa ta a amalanke kamar dutse, duk wadda ta bugu ita ce ta farkon lalacewa. A bar ta ta sha iska kwana goma fatar ta yi tauri, sannan a kai ɗaki mai sanyi, a ɗora kan kara ko katako, kada su taɓa juna. Duk mako kakata takan durƙusa ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, wadda ta ji ta fara taushi ita ce miyar ranar.

Wadda ta fashe ko ta ji rauni kuwa, ka yi mata abin da muke yi wa tumatir mu samu kauɗa. A fere, a yanka siriri kamar kaurin tsabar dala biyar, a shanya kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa, a rufa da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Inuwa mai iska ta fi tsakar rana, don rana mai ƙarfi tana cinye jan launin, amfanin kuma a cikin launin yake. In ta bushe har tana karyewa ƙaras, a ɗaure a leda ko a daka a tankaɗe. Garin nan cokali uku yana ɗaure miyar gida guda, ba ya son firigo, ba ya tsoron ɗaukewar wuta, buhu ɗaya kuma ya ɗauke abin da amalanke ke ɗauka. In sana'a kake nema, ga ta nan. Ka fara da kaɗan, ka ba matan gidanka su gwada a miya kafin ka kai kasuwa. Ƴaƴan ma kada ka zubar, a wanke a soya da gishiri, yara suna rububinsu.

*

Gwaggo ina wuni. Yarona yana da wata takwas. Maƙwabciyata ta ce Turawa da kabewar gwangwani suke ciyar da jariransu, shi ya sa suke ƙiba. In nemo masa?

Wata uwa, daga Garin Malam

Lafiya lau ƴata, a shafa mini kan maigidan nawa. Kada ki wahalar da kanki da aljihun babansa. Kuɗin gwangwani ɗaya, in ma kin same shi, zai saya miki kabewa sukutum har da canji.

Kabewa tana da kyau ga yaron da ya wuce wata shida. Jan launinta jiki yana juya shi ya zama bitamin A, wanda ke taimakon ido da ƙarfin jiki wajen yaƙar cuta, shi ne dai abin da ke cikin ƴar ƙwayar nan shuɗiya ko ja da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki lokacin rigakafi. Amma batun ƙiba maƙwabciyarki ta yi kuskure. Kabewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, tana cika ɗan cikin nan ba ta ba shi ƙarfin kirki. Ki turara yanki kamar rabin tafin hannunki, ki murƙushe da cokali, ki haɗa cikin kunun gero tare da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko ɗan mai, don bitamin ɗin sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa. Nono ya ci gaba yadda yake. Ki dama wanda zai sha a lokacin, abin da ya bari ki shanye ko ki zubar, kada a ajiye masa zuwa yamma.

Kuma tunda ga shi na yi wa manomin Mirriya bayanin ƙwayar cutar nan da ke cikin ƙasa, ki sani irinta yakan shiga zuma. Babba ba ya jin komai, amma hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai hana shi tsiro ba. Kada ki sa masa zuma a kunu sai ya cika shekara, ko da kakarsa ce ta kawo daga ƙauye. In ta matsa, ki ce Gwaggo ce ta hana, ta zo Zango ta same ni.